Harafi Shida

Sha ɗaya saura kwata, daren Talata a Bristol,
ruwa na dukan tagar ofis kamar mai bin bashi.
Ni ke gadin shafin farko,
kuma gurbin da ya rage a kanun labari
harafi shida yake ci, ba ƙari.

Yarinya ce 'yar shekara bakwai, da rigar ruwa rawaya.
Ubanta ya tsaya da mota a ƙofar makaranta,
ya ce zo, ta zo.
Kotu ta hana shi ganinta tun bara.
Tun ƙarfe uku ba wanda ya ji ɗuriyarsu.

Callum Yeo ya turo min takarda, ya rubuta kidnap.
Na ƙirga da bakin biro: shida.
Sai dai na san tsatson kalmar nan.
Kid ɗan akuya ne kafin ya zama ɗan mutum,
nap kuwa cafka ce, a bakin ɓarayin lungu.
Shekara ɗari uku da ɗoriya,
a tashoshin jirgin ruwa irin wadda nake hange ta taga,
ana kama yara a loda su zuwa gonakin ƙetaren teku.
Har yau tana warin igiya da gishiri.
Duk wanda ya karanta ta, zai zauna jiran wayar kuɗin fansa,
zai zana baƙo a ransa, fuska a rufe.
Wannan kuwa shi ya koya mata ɗaure takalmi.

Na tashi lauyarmu, Misis Trevanion, daga barci.
"Sa abduct," in ji ta, "ba mai kai mu ƙara."
Shida ita ma.
Daga Latin ta taso: a ja mutum, a yi nesa da shi.
Kalma ce mai kwat da gogaggen wuyan riga,
ba ta ihu, ba ta gumi.
Da ita alƙali ke magana,
daga gidansu likita ya samo sunan tsokar da ke raba hannu da haƙarƙari,
har masu rantsuwa cewa halittun sama sun yi gaba da su
ita suke ara.
Na gwada ta a gurbin, ta zauna daram,
sanyi ƙalau, kamar ƙarfen gadon asibiti.

Tsoho Ivor ya hauro daga ɗakin injin, tawada har gwiwar hannu.
"Snatch, 'yar nan. Ita ke sayar da jarida."
Kai, shida kuma!
Fizga ke nan, aikin shaho a kan ɗan tsako,
aikin mai babur a kan jakar tsohuwa.
Yarinyar ba jaka ba ce,
kuma mai gadin makaranta ya ce ita ta miƙa hannu.
Ivor ya ɗaga kafaɗa, ya ce wan kakansa
ya shiga mashaya shan kofi ɗaya, ya farka a tsakiyar teku,
matuƙa suna ce wa wannan shanghai.
Takwas, na ce, ba ta shiga.

Can wayar tebur ta yi ƙara.
Uwar ce.
Na riƙe biro ina jira in ji wadda za ta zaɓa,
ba ta taɓa ko ɗaya ba.
Ta ce maganin asmar yana nan a kan firji.
Ta ce yarinyar ba ta barci sai da fitila.
Ta ce, "Idan ya tsaya shan mai ya ga jaridarku,
kada ku razana shi ya ƙara gudu.
Ku dai sa sunanta ya fito babba."

Briony.
Ban ƙirga ba sai da na ajiye wayar.

Sha biyu daidai injina suka tashi,
daɓen ofis na rawa a ƙarƙashin takalmina.
Abin da uban ya yi na tura shi shafi na huɗu,
cikin ƙananan baƙaƙe: ya tafi da ita.
Callum ya ce wannan ba kalma ba ce, kauce wa kalma ce.
Wataƙila.
Na rufe ƙamus, na ɗora kofin shayi a kansa,
na ja kujera kusa da wayar.